Ragowar Wutar Riskuwa

Ana gab da magariba a Illo, Riskuwa mai gyaran rediyo yana tsakar gida da wata tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara sauti, da aka kawo masa daga tsallaken iyaka. Sashen wutarta yake gyara, wanda ke karɓar wutar gari ya rage mata ƙarfi ya tace ta, kafin na'ura ta sha. Ya san halin abin sarai. Ko an zare waya, wutar ba ta mutuwa nan take, tana nan maƙare a ma'ajiyarta da ake kira kwandensa, sai a hankali take tsiyayewa.

Matarsa Atika ta ce, "Bari a gama kiran salla mana." Ina, gaggawa ta hana. Ya ja waya ya sauke ragowar wutar a jiƙaƙƙiyar ƙasar makwararar gida, ko bisimilla babu, shi da ke faɗa in an zubar da ruwan zafi ba a ambaci Allah ba. Ƙasa ta ce ɗas. Ya ji wani siririn kuka, ya yi kamar bai ji ba.

Washegari tsakuwa ta fara sauka a kwanon rufin gidan. Rana ta uku hannun ɗiyarsa Munawwara na dama ya ƙandare, maƙogwaronta na gurnani irin na tiransifoma, ya hau, ya sauka, ba ya yankewa. Kwana shida yana kallonta, kunya ta hana shi buɗe baki.

Da Malam Gidaɗo ya zo daga Bahindi ya fara karatu, wata tsohuwar murya ta fito daga bakin yarinyar.

"Ɗana na wasa bakin makwarara aka ƙone mai hannu. Hannu nika so."

"Wa ya ƙone shi?" in ji Malam.

Riskuwa ya durƙusa, hawaye na zuba. "Ni ne. Na ji kukan, na ɓoye. Yarinyar ga ba ta san komi ba."

Malam ya tsananta karatu, muryar ta yi laushi. "Tunda ya faɗi da bakinai, na saki nata. Amma ba ni hita lokaci guda. Shi ya san yadda wuta ka sauka."

Gurnanin ya yi ta raguwa har ya ɓace, yatsun Munawwara suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Na Riskuwa kuwa suka kama rawa.

Har yau bai sake riƙe ƙarfen dalma ba. In an ce ya nemi magani, sai ya dubi Munawwara tana rubutu da damanta, ya ce a bar shi haka.