Hoton Ubale a Littafin Makaranta

Ku da kuka ce marigayi ɗana Ubale ba tashin Jidda ba ne, har za ku kori marayunsa, to ku saurara. Na aro littafin hotunan ɗaliban makarantarsu ta unguwar Hindawiyya a Jidda. Ban iya karatu ba, sai na zauna bakin hanya bayan magariba ina bin fuskoki da yatsa.

Wani mutum ya tsuguna gefena, tufafinsa na warin kafur.

"Hajiya, kin wuce shi. Koma baya."

Muryar kamar daga ƙasan rijiya. Ya ɗora yatsa kan wani yaro, sanyinsa ya ratsa hannuna. Guntun yatsa ne, wanda ƙofar mota ta datse wa Ubale yana shekara tara.

Wallahi ban ɗaga kai ba.