Sarƙar da Ke Mutuwa a Gidan Orvelin

Da hantsi aka kira Sufeto Tessier zuwa gidan Orvelin, masu ƙera wa manyan birnin Faris kayan ado tun zamanin keken doki.

Madam Aubrac, shugabar gidan, ta buɗe masa akwati. Sarƙar lu'ulu'un teku ce, wadda kakanta ya haɗa, gobe za a baje kolinta.

"Ga ta kuwa," in ji Sufeto.

"Goga a haƙorinka."

Ya goga. Sumul.

"Na gaskiya kaushi gare shi kamar yashi. Wannan gilashi ne. Anatole ke riƙe da makulli, ka tafi da shi."

Anatole, mai dasa duwatsu, ya ɗaga hannuwansa. "Dubi yatsuna, Sufeto, kamar karas! Ni zan ƙulla wannan zaren?"

Tessier ya sa madubin ido. Tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta akwai ƙullin siliki, ƙanƙane, an juya shi ta hagu.

"Wa ka ara wa makulli?"

"Ba kowa." Amma idonsa ya tafi bene.

Sufeto da Madam Aubrac suka hau. A can sama, bakin taga, Madam Odile ke shirya lu'ulu'u a zare, aikinta shekara arba'in. Allurar na hannun hagu. Ana zafin Yuli, ita kuwa rigarta a rufe har maƙogwaro.

"Ba kya jin zafi, Madam?"

"Tsufa ne, ɗana. Sanyi nake ji."

"Ga gumi a goshinki. Anatole zai kwana a ofishinmu yau."

Ta ajiye allurar. A hankali ta ɓalle maɓalli biyu, hasken sarƙar ya bayyana a wuyanta.

"Ku ƙyale wawan nan, tausayina ya ji. Shekara ashirin sarƙar tana kulle cikin akwatin ƙarfe. Lu'ulu'u ba dutse ba ne, daga ruwa ya fito, fatar mutum yake so. Na ga ta soma dushewa, na faɗa, aka ce in koma kan zarena. Wata takwas ina sa ta."

"Da kin mayar?"

"Da farko na yi niyya."

Ta cire, ta sa wa Madam Aubrac a tafin hannu, da ɗuminta. Shugabar ma ba ta taɓa ganin sarƙar da irin wannan ƙyalli ba.

Sufeto bai ciro ankwa ba, hannu ya ba tsohuwar ta dafa. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Yanzu wa zai riƙa sa ta?"