Ruwan Batir a Ramin Kututture

Magariba ta kawo jiki a Bukan Sidi, kaji sun fara neman makwanci, Baballe kuwa yana tsugune a tsakar gida gaban tsohon mashin ɗinsa, da sifana a hannu. Mashin ɗin gadon mahaifinsa ne, a kansa yake zuwa Keana ya ɗauro gishiri ya kawo kasuwar Lafiya. Kwanakin nan batir ɗinsa ya gaji. Hon ya koma kamar tarin tsohuwa, fitila kuma ba ta haska ko gaban taya.

Da hantsi ya je shagon Oliver mai sayar da kayan mashin. Oliver ya ɗora masa batir biyu a kan tebur.

"Oga Baballe, wannan busasshe ne, a rufe yake, ba ka zuba masa komai. Wannan kuma mai ruwa, irin na da. Ni dai busasshe zan ce ka ɗauka."

Baballe mutum ne da in ka nuna masa gabas, sai ya leƙa yamma tukuna. Ya auna mai ruwan da tsohon nasa, ya ga tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, kawunan da ake ɗaura waya ma gefe ɗaya suke. Ya ce mashin da ya saba da mai ruwa tun zamanin babansa ba a kansa zai fara cin busasshe ba. Oliver ya ɗaga kafaɗa, ya cika masa, ya yi masa caji.

"Abeg, ka ji ni. In za ka cire, baƙin waya ka fara cirewa. In za ka ɗaura, jan waya ka fara. Tsohon kuma ka dawo min da shi haka, kar ka zubar da ruwan. In ya taɓa jikinka, sa ruwan kanwa, sa ruwa da yawa."

Baballe ya bi maganar wayoyin daidai. Ya ɗaure, ya danna hon, gida ya amsa. 'Yarsa Muhibbat, wadda ke gyaran shinkafa a bakin madafa, ta yi dariya ta ce, "Baba, tsoho ya tashi." Ita kaɗai Allah ya bar musu, shi ya sa dariyarta take masa daɗi fiye da ciniki.

Sai idonsa ya kai ga kututturen mangwaro da ke bayan madafa. Akwai rami a gindinsa, daga nan gara ke fitowa tana cinye masa itace da ƙyauren ɗaki. Ya dubi tsohon batir, ya dubi ramin, wayo ya zo masa. Ya buɗe murafan, ya ɗauka ya nufi can.

Matarsa Hannatu ba ta taɓa zubar da ruwan zafi a ƙasa ba tare da ta yi bismillah ta ce a matsa ba, balle da almuru. Haka ta taso ta ga ana yi, saboda waɗanda ake zaune da su ba a ganinsu. Ta hango shi ta saki ludayi.

"Maigida, tsaya! Magariba ce fa!"

"Ruwan zafi aka hana," in ji shi. "Taɓa ki ji, sanyi ƙalau."

Ya juye shi kaf a ramin, ko bismillah bai yi ba. Ƙasa ta yi kumfa tana tsuwwa. A cikin tsuwwar nan Baballe ya ji wani siririn sauti, irin na jariri da aka toshe wa baki. Kaji suka yi tsit. Ya ce wa kansa gara ce, ya je ya yi alwala.

Washegari sabon batir ya wayi gari ba wuta ko ɗigo. Ya kai aka yi caji, ya dawo ya sake mutuwa. Oliver ya gwada shi ya rantse lafiyarsa ƙalau. Daga nan sai jifa. Da zarar rana ta faɗi, duwatsu su fara sauka kan kwano, ƙanana, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Baballe ya zagaya gida da gora bai ga kowa ba. Wata magaribar ya cire wayoyin batir gaba ɗaya ya ajiye, amma mashin ya saki hon, dogo, har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Abin da ya kashe masa jiki shi ne kayan Muhibbat. Hannatu ta buɗe akwatin 'yar ta tarar da kowane mayafi da huda biyu, kusa da juna, gefensu a cinye yadda ruwan batir ke cin tufa. Ɗakin yarinyar ya ɗauki wani wari mai tsami. Sannan Muhibbat ta fara murza ido. Tun tana cewa yaji, har ta koma da ƙyar take buɗewa, hawaye na bin kumatunta suna barin jan sawu. An kai ta asibiti, likita ya haska ya ce bai ga ciwo ba.

Ranar da ta daina gane fuskar uwarta, ta zauna a tsakar gida da almuru, ta juyo wajen ubanta da idanu a rufe. Muryar da ta fito ba tata ba ce, ta wata babbar mace ce, a shaƙe.

"Taɓa ka ji," in ji muryar. "Sanyi ƙalau."

Baballe ya gane maganar bakinsa ce aka dawo masa da ita. Tsoro ya kama shi, kunya ta fi tsoron. Hannatu ta wuce shi ta rungume 'yarta.

Ya je Ashige ya ɗauko Malam Safiyullahi, wani dattijo siriri da aka sani da aikin ruƙiyya. Sun iso bayan la'asar. Malam ya saurari labarin har ƙarshe, ya je ya daɗe tsaye a kan kututturen, sannan ya sa aka shimfiɗa tabarma aka zaunar da yarinyar. Ya dubi Baballe.

"Kome za ka ji, kome za ka gani, kada ka sa baki. Da ni za ta yi magana. Ka ji?"

"Na ji, Allah gafarta Malam."

Malam ya fara karatu a hankali. Inuwar katanga ta rarrafo ta rufe tsakar gida. Muhibbat ta fara rawar jiki, wuyanta ya sanƙare, yatsunta suka nutse cikin tabarma. Dutse ɗaya ya faɗo kan kwano, sai shiru.

"Ya isa, mai karatu," in ji muryar. "Ba da kai nake ba."

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"A gindin mangwaron nan nake tun kafin a ja katangar gidan. An sare shi ban ce komai ba. Matar gidan tana mana sallama kafin ta zubar da ruwa, muna matsawa. Ranar nan ɗana yana kwance a bakin ƙofa, yana kallon sama. Me ɗana ya yi masa?"

"Bai san kuna ciki ba."

"An gaya masa. Ya ce sanyi. Ruwan zafi yana hucewa, mai karatu. Wannan ba ya hucewa, ci yake. Har yanzu yana cin fuskar ɗana. Ido biyu ya ƙona, ido biyu zan ɗauka."

Hannatu ta toshe baki da mayafi. Malam ya juya ya tambayi Baballe ko akwai abin da ke kashe ƙarfin ruwan. Baballe ya tuna maganar Oliver, ya ruga madafa ya ɗauko kanwa ya nuna. Aka jiƙa ta a bokiti. Malam ya sa shi ya durƙusa da kansa a gaban ramin, ya yi bismillah, ya nemi a matsa, ya riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Ƙasa ta yi kumfa ta kwanta. Ya bi da ruwa bokiti bayan bokiti.

Jikin Muhibbat ya saki. Muryar ta yi shiru na wani lokaci, kamar wadda ta leƙa ɗaki ta dawo.

"Ya daina kuka," in ji ta. "Na dama ya buɗe. Na hagu ya tafi."

"To, an yi miki magani. Ki ji tsoron Allah ki fita. Ba a kama wani da laifin wani."

"Na dama na bar mata. Na hagu nawa ne."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Yarinyar ta kurma ihu, ta faɗi tana birgima, ta kai hannu tana neman ƙwaƙule idonta na hagu, sai da Hannatu ta danne ta da dukan ƙarfinta. Malam bai tsaya ba. Ya san aikinsa, ya ga alamar abar ta fara gajiya. Amma Baballe ba alama yake gani ba, 'yarsa yake gani. A tsakiyar ihun muryar Muhibbat ta gaskiya ta ɓullo, ƙarama, ta ce, "Baba, zafi."

"Ni na zuba!" Baballe ya faɗa da ƙarfi. "Ki sake ta, ki ɗauki nawa!"

Karatu ya tsaya. Fuskar yarinyar ta yi wani murmushi da bai taɓa gani a kanta ba.

"Kun ji da kunnenku. Shi ya bayar, ban ƙwata ba. Na rantse na bar yarinya, ba ni ba ita har abada."

Muhibbat ta yi atishawa mai ƙarfi, ta lanƙwashe a jikin uwarta. Da ta buɗe ido, fari tas suke. Ta ce, "Mama, me ya sa kike kuka?"

Malam Safiyullahi bai yi murna ba. Ya naɗe carbinsa, ransa a ɓace. "Saura kaɗan ta fita hannu wofi. Na ce kada ka sa baki." Ya ba shi addu'o'in safe da yamma, ya ce ya riƙe su, sauran kuma yana hannun Allah.

Jifa ta tsaya. Batir ya riƙe wuta. Muhibbat ta koma makaranta, Baballe ya koma Keana da gishirinsa. Sai dai duk lokacin da ya kalli gefen mashin, ya tuna ruwan da ke cikin batir ɗin, gabansa ya faɗi. Wayon nasa ya sake motsawa. Idan babu ruwan batir a gidan, da me za a taɓa shi? Ya koma wajen Oliver ya sayo busasshen da ya raina.

Ya dawo da rana tsaka, mashin da zafinsa, don kada magariba ta riske shi. Ya tsuguna, ya buɗe murfin gefe, ya ɗauki sifana. Ya san ƙa'idar kamar sunansa: baƙar waya ake fara cirewa. Yana maimaitawa a ransa, yana kallon hannunsa ya wuce baƙar ya sauka kan ja. Gindin sifana ya taɓa ƙarfen mashin. Wuta ta yi tartsatsi, batir mai ruwan ya fashe.

Ruwan bai taɓa rigarsa ba, bai taɓa kumatunsa ba. Ɗigo ɗaya ne, kuma ya san inda zai sauka.

Hannatu ta yi ta kwarara masa ruwa a ido, aka garzaya da shi asibiti, aka yi abin da za a iya. Da aka kwance bandeji, idon hagu ya yi fari kamar gishirin da yake sayarwa.

Ranar da aka sallame shi, Muhibbat ce ta riƙo hannunsa ta gefen da ba ya gani, ta shigo da shi gida ana kiran magariba. Ya tsaya a tsakar gida ya juya kansa gaba ɗaya don ya kalle ta. Idanunta biyu suna nan, cike da hawaye na gaske. Daga bayan madafa, can gindin kututturen, suka ji wani ƙaramin yaro yana dariya.