Injin da Ya Ƙi Wuce Zaure

"Munawwara, don Allah ki rufa min asiri..."

Ko kallonsa ba ta yi ba.

Injiniya Mujahid ne tsaye a ƙofar gidan Hajo mai ƙuli-ƙuli a ƙauyen Turawa, gumi ya jiƙa shaddarsa sharkaf. Injin matsar man gyaɗa da ɗalibansa suka ƙera ya cije a bakin zaure, ya ƙi shiga. Ga manyan jami'a, ga dagaci, kowa ya zuba ido.

Wayyo daɗi! Yau take jira.

Tare suka fara koyar da darasin da ya haifar da injin nan, shi daga sashen injiniya, ita daga nazarin zamantakewa. Shi yana wajen ƙira, ita tana shiga gidaje da ɗalibai mata jin abin da matan kulle suke so, tunda baƙon namiji iyakarsa zaure. A hanyar Karaye, wajen zuwa ƙauyen, soyayya ta ƙullu, har manyansa suka kai gaisuwa Rogo wajen Baffanta.

Sai Injiniya Rumasa'u, abokiyar aikinsa da ta daɗe tana sonsa, ta shiga tsakani. Ranar da Munawwara ta miƙe a taro za ta yi maganar ƙuncin ƙofar zaure, Rumasa'u ta yatsina fuska.

"Malama, maganar ƙarfe ake, ba hirar tsakar gida ba."

Ɗalibai suka tuntsire da dariya. Mujahid ma ya dara, kuma ya biye mata ya cire Munawwara daga aikin.

Dariyar nan har gobe tana ƙona mata rai.

Yanzu Rumasa'u ce ta matso jiki a sanyaye. "A kwance shi mana, samari su shiga su haɗa."

Malam Barau, mijin Hajo, ya zabura. "Ƙarti a gidana? Ku kwashe tarkacenku!"

Mujahid ya sassauta murya. "Sanyin idona, na tuba..."

"Da ƙarfi, Injiniya. A bainar jama'a ka yi dariya."

Ya ɗaga murya. "Jama'a, Dakta Munawwara ta so ta gargaɗe ni, na wulaƙanta ta!"

Sannan ta yafito ɗalibanta mata, waɗanda tuni ta sa suka koyi kwance injin da haɗa shi. Nan da nan suka kwance injin, suka shige da shi gunduwa-gunduwa tare da ita, suka haɗa shi a tsakar gida. Can sai guɗa ta tashi daga cikin gida, mai ya fara zuba.

Da ta fito ya tare ta, idanunsa jawur.

"Kin yafe min? Gobe manyana za su koma Rogo."

"Kada su wahala. Baffa ya mayar da kayanku, ya ce wanda ya tozarta ni a gaban ɗalibai ba zai riƙe ni da mutunci ba."

"Ke fa, Munawwara? Me kika ce?"

"Ni na roƙe shi ya mayar."

Ta juya ciki da sauri. Sai da ta wuce zaure, inda ba shi da ikon biyo ta, sannan ta bar hawayen suka zubo.