Jirgin Da Aka Raka Gida

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗago kai, wallahi sai gawarsa!"

Rana tsaka, kasuwa cike, amma Oga ko a jikinsa. Ya ɗora wa mai shagon zinare bindiga a ƙeya, Dogo na kwasar sarƙoƙi da awarwaro yana durawa a jaka.

"Don Allah 'ya'yana, kayan mutane ne—"

Dogo ya kwaɗa wa dattijon gindin bindiga a kunne.

A bayan shagon, cikin mota, Injiniya na riƙe da rimot, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Shi ke sarrafa ɗan jirgin nan maras matuƙi da aka taso musu da shi daga ƙetaren iyaka. Dabarar Oga ce: shingen 'yan sanda mota yake tarewa, ba ya tare sama. Jaka ta bi iska ta tsallake kogi zuwa hannun mutuminsa, su kuma su wuce shinge babu komai a mota.

Sai dai Injiniya na da tasa dabarar. Irin wannan jirgi, in sadarwa ta yanke tsakaninsa da rimot, da kansa yake juyawa ya nufi inda aka saita masa a matsayin gida. Shi kuwa gogan naku ya saita masa tsakar gidan yayansa tela, mutumin da ya rene shi tun rasuwar iyayensu. Yaya yana shago sai yamma. A kashe rimot, a ce jirgi ya faɗa kogi, a je a ɗauke jaka kafin mai gida ya dawo. Wayo ne, ban ƙi ba. Amma raina na ɓaci duk lokacin da na tuna shi.

Can kan tudu kusa da iyaka, a wani ɗaki mai sanyi cike da na'urorin gadin sararin sama, wata kofur ta nuna wa sufeto allo da biro.

"Yallaɓai, ga wani ɗigo. Daga ƙetare ya shigo, na zaci tsuntsu ne. Ya sauka bayan kasuwa, ga shi ya sake tashi. A harbo shi?"

"A kan kasuwa? So kike ya faɗo kan jama'a?" in ji sufeton. "Toshe masa sadarwa. In ya kurmance gida zai nufa, mu kuma mu raka shi. Kira motoci!"

Ta danna.

A mota, inda Oga da Dogo suka dawo bayan sun ɗaura wa jirgin jakar, hoton da ke fuskar rimot ya ɗauke ɗif, tun Injiniya bai taɓa komai ba.

"Oga, ya ɓace! Wallahi ba ni ba ne!"

"Ya ɓace gidan ubanwa?" Oga ya zabga masa mari. Jiniya ta taso daga bakin kasuwa. "Dogo, ja mota! Mu ware!"

Taya ta yi ƙara — kwana — lungu — wani lungun! Suka kutsa wani kangon gareji, Dogo ya ja ƙofa. Kowa na haki. Injiniya na dafe da kunci, amma a ransa murna yake, wai aikinsa ya yi kansa.

Sai rimot ya yi ƙyit. An saki sadarwa, hoto ya dawo.

Tsakar gida. Igiyar shanya. Keken ɗinki na ƙafa a inuwa. Ashe an ɗauke wuta a shago, Yaya ya kwaso ɗinkinsa ya dawo gida. Ga shi nan, tef a wuya, almakashi a hannu, ya sunkuya yana leƙen abin da ya sauko masa daga sama. Ya zuge jakar. Ya yi turus.

"Yaya, ajiye! Yaya, gudu!" Injiniya ke ihu a kan rimot, kamar ana jin sa.

Jirgin ba ya ɗaukar sauti. Ƙofa kawai suka ga ta ɓalle, takalman 'yan sanda sun cika gidan. Yaya ya miƙe a firgice, jaka a hagu, ya ɗaga dama da almakashin yana ƙoƙarin yin bayani. Ƙarfen ya yi walƙiya a rana. Bakin bindigogi ya yi wuta, Yaya ya yi baya, ya faɗi kan kekensa.

A gareji, Oga ya ƙura wa rimot ido.

"Wannan ai gidan yayanka ne," in ji Oga a hankali. "Na taɓa cin abinci a gidan nan, shege."

"Harbe ni, Oga. Don Allah harbe ni."

"In harbe ka ka huta?" Ya ƙwace rimot ya taka shi. "Dogo, wurga shi waje."

Ba su yi nisa ba su ma. Dogo ya mutu a shingen kogi, Oga ya shiga hannu da harsashi a cinya. Tsoho mai zinare bai sake ji da kunnen hagu ba. Da yamma rediyo ya yaba wa masu gadin sama, ya ce an hallaka madugun 'yan fashi, wani mai fakewa da ɗinki.

Injiniya da ƙafarsa ya kai kansa ofishin 'yan sanda. Ya rantse, ya yi kuka, ya ce yayansa ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Suka rufe shi, suka ce kowane ɗan fashi haka yake faɗa a kan nasa.

Yana cikin sel aka binne Yaya. Maƙwabtan da ya shekara yana yi wa ɗinki, babu wanda ya raka shi.