Muryar da Aka Cire Daga Bidiyon Kaka Afiniki

Rana ta yi ja lokacin da ɗan acaɓa ya sauke ni a bakin kwalbatin da ke shiga ƙauyen. Ya ce ba zai ƙarasa ba, ruwan jiya ya cinye hanya, kuma yana so ya koma Kafanchan da sauran haske. Na yi mita har na gaji, ko waiwayowa bai yi ba. Na rataya jakata na kama hanya da ƙafa.

Sunana Bernice. Ina da ɗan shago a Kafanchan, kusa da tashar jirgin ƙasa, ina yi wa makarantu da coci-coci shafin intanet. Aikin da ya kai ni ƙauyen nan na ƙungiyar ci gaban garinsu ne. Sun tara bidiyon tsofaffinsu, masu waƙa da masu ba da tarihi, suna so a jera su a shafi ɗaya, a sa maɓallai ƙarƙashin kowanne. Mai son Hausa ya danna, mai son Turanci ya danna, mai jin yarensu ya danna. 'Ya'yansu da aka haifa a Sabon Tasha da Abuja ko gaisuwa ba su iya da yaren ba. Ni ma ba na ji. Ni 'yar wajen Zonkwa ce, ba wani nisa tsakaninmu, amma in suka ɓarke da magana sai dai in bi su da ido.

Fassarar duk sakataren ƙungiyar ne ya yi, wani Gershon. Shi ne tafinta a cocinsu, mutum mai zaƙin baki, in ya juya wa'azi har ya fi na fasto daɗin ji. Sauran bidiyoyin rubutu kawai muka sa a ƙasa, muryar mai magana tana nan yadda take. Amma da muka zo kan na wata tsohuwa, Kaka Afiniki, wadda ta rasu bara, sai ya ce iska ta ɓata sautin, a cire shi gaba ɗaya. Ya zauna a shagona ya karanta maganarta da bakinsa, da Hausa, da Turanci, har da yarensu, na ɗora a kan hoton. Ya tsaya a kaina sai da na goge asalin sautin, wai yana cin wuri, sannan ya zare filashin da ya kawo bidiyon a ciki daga kwamfutata ya sa a aljihu. Maganar gajeriya ce: wai ta bar gonarta ta citta ga ɗan ƙanen mijinta, wato shi Gershon ɗin. Na ce a raina, to, shi ya sa yake ta rawar jiki. Washegarin ranar da na iso za a buɗe shafin a taron gari, shi ne ya kira ni in zo mu gwada tare.

Ban yi nisa ba na cim ma wata mata da itace a ka. Muka gaisa. Da ta ji ni ce mai haɗa bidiyon, sai ta sauke itacen ta kama hannuna biyu. Sunanta Emilia, matar ɗan Kaka Afiniki ce, mijin ya riga uwarsa mutuwa. Ta ce gobe bayan an nuna shafin dattawa za su zauna kan maganar gonar, don Gershon ya tashi haiƙan sai ya ƙwace. Da cittar gonar nan take ciyar da 'ya'yanta, ba ta da wani abu bayanta. Amma ta ce hankalinta kwance yake, don tana tsaye a wurin ranar da Gershon da kansa ya ɗauki bidiyon, su uku ne kawai.

Ta tambaye ni ko na lura Kaka ba takalmi a ƙafarta. Na ce na gani. Ta ce haka ake yi a garinsu. In tsoho zai yi maganar gado, sai ya cire takalmi ya tsaya a kan ƙasar, ya ɗebi kaɗan ya taɓa a harshe. Abin da ya faɗa bayan nan ba mai juya shi, ko sarki. Abu ɗaya ne ya dame ta, Kaka ba ta iya Hausa ba in ban da sannu da na gode, kuma yaran birni da ba sa jin yaren ne za su cika taron.

"Gonan nawa ne da yarana, Kaka ya faɗa da ƙasa a bakinshi," in ji ta. "Ki sa murya ya fito da kyau, ƙanwata."

Na taya ta ɗora itacen, ta bi ta wata 'yar hanya zuwa gidanta. Ni kuwa na nufi cikin gari neman Gershon. Mutumin nan ya zauna a kujerata, ya sha ruwan sanyina, ya mai da ni wuƙar yanka marayu.

Na same shi a gindin mangwaron coci, cikin farar riga mai guga. Ban ko gaishe shi ba na zazzage masa abin da ke cikina. Ya saurara yana murmushi har na gama.

"Madam, kina jin yarenmu?" ya tambaya a hankali. "To me kika ji ta faɗa?"

Ya ce sautin ya tafi, ni na goge shi da hannuna, kuma maganar mace ɗaya mai son gona ba za ta ka da ta sakatare ba. Na haɗiye fushina na ce shi ke nan, mu je mu gwada. Niyyata ɗaya ce, da zarar sabis ya kama wayata in shiga shafin in sauke bidiyon, in ya so gobe a yi duk wadda za a yi.

To ƙauyen nan ba sabis. Duk mai son kira ko shiga intanet wuri ɗaya yake zuwa, wani faffaɗan dutse a bayan gari. Kowa ya saba, ba mai tunanin komai a kai. Sai da muka iso na ga gonar da ke manne da dutsen, na gane itacen ɗorawar da ke tsakiyarta. Shi ne a bayan Kaka cikin bidiyon.

Muka hau dutsen. Rana ta faɗi, saura ɗan jan haske a kan tuddai. Ganyen citta ya kai gwiwa, kore shar, jiƙe da ruwa. Kwaɗi suna ta kuka a fadama. Daga cikin gari ina jin matan zumunta na coci suna gwajin waƙar gobe, da gangarsu da kacau-kacau.

Na ciro wayata. Ba sabis ko layi ɗaya. Tasa kuwa ta cika fal. Ya buɗe shafin, ya matso da wayar kusa da fuskata don in gani da kyau, ya danna Hausa.

Kaka ta bayyana, 'yar ƙaramar tsohuwa da zani ɗaure a ƙirji. Ta sunkuya, ta ɗebi ƙasa, ta taɓa a harshe. Muryar Gershon ta fito daga wayar, santsi kamar mai: "Ni Afiniki, na bar gonata ga..."

Sai muryar ta sarƙe. Aka yi tari a cikin wayar, irin na wanda abu ya tsaya wa a maƙogwaro. Na san sautin nan ciki da waje, ni na gyara shi. Babu tari a cikinsa.

Kwaɗin suka yi shiru gaba ɗaya.

Ƙamshin citta ya taso, mai ƙarfi, kamar ana yanka ɗanya a ƙarƙashin hancina. Idona ya kawo ruwa.

Wata murya ta ɗauka daga inda tasa ta tsaya. Muryar tsohuwa, a dishe, ba sauri. Da Hausa tsantsa ta ce gonar ta Emilia ce da 'ya'yan ɗanta.

Gershon ya dube ni. Ya raɗa cewa me na yi wa shafin. Na girgiza kai.

Ya danna Turanci. Yatsansa yana zamewa a kan gilashin.

Ita ce dai. Da Turanci, kalma bayan kalma, tsohuwar da ko ƙofar aji ba ta taɓa leƙawa ba. Kuma ta daina kallon gaba yadda take yi a bidiyon. Ta juyo da ido gefe, daidai inda yake tsaye.

"Kashe," na ce masa. "Don Allah kashe."

Maimakon haka ya danna na yarensu. Ban san me ya sa ba. Wataƙila yana neman inda tasa muryar ta rage.

Wayar ta mutu, gilashin ya yi baƙi.

Maganar ba ta tsaya ba.

Daga cikin gonar take fitowa yanzu, daga gindin ɗorawar.

Ganyen citta ya fara buɗewa, layi ɗaya, yana nufo mu. Ba iska. Ina jin ƙafa tana nutsewa a jiƙaƙƙiyar ƙasa tana fitowa. Caɓ. Caɓ. Ƙafar da ba takalmi.

Ban ga kowa ba. Ganyen kawai nake gani yana kwantawa.

Gershon ya ja baya, ya ɗaga hannu, ya buɗe baki zai kira sunan Yesu. Ba abin da ya fito. Ya sake buɗewa. Ƙasa ce ta zubo, baƙa, jiƙaƙƙiya, ta gangaro kan farar rigarsa.

Ya durƙusa yana kakari. Yana tofarwa, tana ƙaruwa.

Sawun ya hau dutsen. Na ga shatin laka, 'yan ƙananan yatsu biyar, sannan wani a gabansa.

Muryar ta yi ƙasa sosai, kusa da kunnensa, da Hausa, ina jin don ni ma in ji.

"Ka ari bakina ba ka tambaye ni ba, ɗana. Ni ma na ari naka."

Sai sawun ya juyo wajena.

Wani sanyi ya tsaya a gabana, tsawonsa bai wuce kafaɗata ba. Na ji numfashi mai warin taba gari da ƙasa.

Yatsa ya taɓa leɓena. Sanyi ƙalau, da laka.

"Kaka," na ce, da ƙyar. "Ba na jin yarenku."

Yatsan ya daɗe a wurin. Ya danna kaɗan, kamar mai taɓa tumatir a kasuwa.

Sannan ya sauka.

Na diro daga dutsen ta ɗaya gefen. Ban san ta inda na bi ba. Ƙaya ta yage mini siket, na faɗi a kunyar doya na tashi, ban waiwaya ba ko sau ɗaya. Waƙar matan zumunta na bi har na faɗa cikin coci a tsakiyarsu, laka a baki, ina nuna bayan gari da hannu.

Maza suka ɗauki tocila suka je. Sun same shi zaune a kan dutsen da ransa, ido buɗe, rigar ta koma baƙa. A gidan Emilia na kwana, ban faɗa mata komai ba sai da gari ya waye.

An yi taron. Aka haɗa majigi a kan dutsen nan dai, don nan ne sabis, jama'a suka zazzauna a bakin gonar. Ni na danna maɓallan da hannuna, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne muryar Kaka ce. Da aka zo na yarensu, dattawan suka cire huluna, wani tsoho ya amsa mata kamar tana gabansa. Ba a yi wata doguwar shari'a ba, aka ce gona ta Emilia ce. Emilia ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta.

Da na koma shago na buɗe bayan shafin na duba. Inda ya kamata a ga sautin bidiyon nan ba komai, wayam. Amma ko yau ka danna za ka ji ta.

Gershon bai sake furta kalma ba. An kai shi asibiti a Kafanchan, an kai shi Jos, likitoci sun ce maƙogwaronsa lafiya lau. An yi azumi, an yi addu'a. Yana ci, yana tafiya, ranar Lahadi yana zama a bencin baya yana kallon wani yana fassara wa'azi. In na ce muku na tausaya masa, na yi ƙarya. Ni kaina tun ranar ban sake goge muryar kowa ba, kome iskar da ke cikinta.

Lokacin tonon citta, matar Gershon, Hulda, ta zo shagona. Ta durƙusa a kan siminti, ta ce wani mai addu'a ya gaya musu in aka sauke bidiyon daga shafin, tsohuwar za ta saki bakinsa. Ta ce in dubi Allah. Sauke shi ba wuya, dannawa ɗaya ce. Na ce mata ba ni ke da wannan maganar ba, na kira Emilia na buɗe sautin wayar don ta ji da kunnenta.

Emilia tana gona, ina jin ƙarar fartanya da hayaniyar masu tono a bayanta. Ta saurari roƙon Hulda har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"Na ji, maman yara," ta ce. "Za a cire. Ranan da autana ya girma ya karɓi gonan a hannunshi, ni da kaina zan zo in ce a cire."

Hulda ta ɗago ta dube ni. Ta fi ni sanin autan Emilia, ko makaranta ba a sa shi ba tukuna.