Ƙullin Yaji a Cikin Kumbo

A wani zamani, wata 'yar sama jannati ta ɓoye ƙullin yajin da kakarta ta daka mata, ta shiga kumbo da shi, alhali an hana shiga da gari.

Can sama, inda komai ke shawagi, ƙullin ya kwance. Tana kallo injin iska ya zuƙe yajin, ya toshe.

Shugaban tafiya ya ce, "Me ya shiga injin nan? Sai na sani zan iya gyarawa."

Ta yi shiru. Iska ta ragu.

Ya sake tambaya. Ta yi shiru. Iska ta ƙara raguwa, har ya fara haki.

Sai ta ce, "Ranka ya daɗe, yajina ne."

Ya buɗe injin, ya miƙa mata tsumma. Tana goge injin tana hawaye, bai tambaye ta ko na yaji ne ba.